Darasin Lafiya: Yadda Hoton Asibiti Yake Nuna Ko Maganin Ciwon Dajin Nono Yana Aiki

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan karo a kan wata gardama ne da takan tashi a gidaje da yawa. Mace ta kamu da ciwon daji a nono, an kai ta babban asibiti, an soma magani mai tsada. Bayan wata biyu ko uku likita ya ce a je a sake ɗaukar hoto. Sai maigida ko babban wa ya ce, "Ba mun ɗauki hoto tun farko ba? Kuɗin da za mu kai wa mai hoto, ai gara mu ƙara mu sayi magani." Maganar tana da kama da gaskiya, gama kuɗin nan daga rumbu suka fito, ko kuwa daga bijimin da aka sayar. Amma hoton na biyu shi ne yake faɗa mana ko maganin da muke saya yana cin ciwon, ko kuwa jikin mai ciwon kaɗai yake ci. In ba shi, iyali suna iya yin wata shida suna biyan maganin da ya daina aiki, ko kuma su watsar da wanda yake aiki sosai.

Ciwon da muke magana a kai

Ciwon daji, wanda waɗansu suke kira sankara ko kansa, ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 an sami mata miliyan 2.3 da ciwon dajin nono a duniya, 670,000 kuma suka mutu. A Nijeriya kaɗai lissafin shekarar ya nuna fiye da mata 32,000 da suka kamu. Yawancin matanmu kuwa ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa.

In likita ya ce ciwo ya yi nisa, ɗayan abu biyu yake nufi, tilas mu bambanta su. Na fari, ƙullutun ya girma ƙwarai, wataƙila ya fasa fata ya zama gyambo, ko ya manne da ƙirji, kaluluwar hammata ta kumbura, amma bai tafi wani wuri a jiki ba. Irin wannan akan fara da maganin ƙarin ruwa da ake kira kemo domin ƙullutun ya ragu, sa'an nan a yi tiyata, a bi da gashi da na'ura. Akwai begen warkewa. Na biyu, ciwon ya bi jini ya sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta, ko ƙwaƙwalwa. A nan ba za mu ɓoye muku ba, yawanci ba a iya kawar da shi ɗungum. Amma ana iya danne shi, a rage zafi, mace ta ƙara watanni ko shekaru tana kan ƙafafunta, tana lura da 'ya'yanta. Magungunan iri-iri ne, in wannan ya gaji akan koma ga wancan. To, yaya za a san ya gaji?

Ido da hannu

Likita yakan fara da tambaya. Zafi ya ragu? Tana cin abinci? Tana iya zuwa rijiya? Sa'an nan ya ɗora ta a ma'auni, ya taɓa ƙullutun, ya auna shi da tef. Kada kowa ya rena wannan, gama shi ne rabin aikin. Amma hannu ba ya kaiwa cikin hanta, har ma abin da yake taɓawa ba kullum yake auna shi daidai ba.

A shekarar 1976 waɗansu masu bincike biyu a Amurka, Moertel da Hanley, suka yi wani gwaji. Suka sami ƙwallaye 12, manya da ƙanana, suka rufe su da soso kamar yadda fata da kitse suke rufe ƙari, suka kira ƙwararrun likitocin ciwon daji 16 su laluba su auna. A cikin ƙwallayen akwai waɗanda girmansu ɗaya ne, likitocin ba su sani ba. Sau da dama likita ɗaya ya auna ƙwallo biyu masu girma ɗaya, ya ba da lissafi dabam dabam, har da a jikin mutum ne da sai a ce ƙari ya ragu, alhali ba abin da ya sake. Daga nan aka gane cewa ɗan raguwa kaɗan ba abin dogara ba ne. A 1979 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da ƙa'idar awo. A shekarar 2000 aka kawo wata mai sauƙi da ake kira RECIST, aka gyara ta a 2009. An shirya ta ne domin gwajin sababbin magunguna, amma likitoci sukan bi irin tunaninta sa'ad da suke karanta hoton masu ciwo.

Hotunan da akan ɗauka

Wanda muka fi sani shi ne eksire, watau hoton ƙirji, wanda Wilhelm Rontgen ya gano a Jamus a 1895. Yana da arha, yana nuna ruwa a ƙirji da ƙashin da ciwo ya ci, amma ƙananan abubuwa sukan ɓuya masa. Sai sikanin, irin wanda akan yi wa mata masu juna biyu. Yana da kyau ga nono da hammata da hanta, ba ya cutarwa ko kaɗan, sai dai ingancinsa ya dogara ga gwanintar mai riƙe da na'urar.

Babban abin aiki a wannan fanni shi ne siti-sikan. Eksire ne mai kewaya jiki, kwamfuta kuma tana haɗa hoton yanka-yanka, kamar yadda mace take yanka doya ta ga cikin kowane yanki. Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urar a Ingila, aka fara ɗaukar mara lafiya da ita a Landan a 1971. Sau da yawa akan sa wani ruwa a jijiya domin hoton ya fito sarai, shi ya sa akan nemi awon ƙoda tukuna. Akan same shi a asibitocin koyarwa kamar na Shika a Zariya, na Jos, na Kano, na Sakkwato da na Maiduguri, da waɗansu wuraren masu zaman kansu.

Akwai hoton maganaɗisu da likitoci ke kira MRI. Shi ya fi kowanne gani a ƙwaƙwalwa da laka da cikin nono. Yana ɗaukar rabin awa ko fiye, yana da ƙara, dole kuma a faɗa tun da wuri in akwai ƙarfe a jiki. Akwai hoton ƙashi, za mu yi maganarsa a gaba. Akwai kuma wanda ake kira PET, inda akan sa wani irin sukari mai alama a jijiya. Ciwon daji mayunwaci ne, yana zuƙar sukari fiye da naman da yake kewaye da shi, saboda haka wurin yakan yi haske a hoto. In magani ya kama, hasken yakan dushe tun kafin ƙarin ya fara raguwa. Wannan hoto akwai shi a Legas, yana da tsada ƙwarai. Kada iyali su damu in ba su iya kaiwa gare shi ba, gama yawancin shawarwarin magani a kan siti-sikan da sikanin akan yanke su.

Yadda ake awon

A nan muke so ku natsu, domin wanda ya gane wannan zai gane takardar likita.

Kafin a soma magani, mai karanta hoto yakan zaɓi ƙari waɗanda za a riƙa bi. Ba ya wuce biyar a dukan jiki, ba ya wuce biyu a gaɓa ɗaya. Kowanne sai ya kai milimita 10, watau kamar ƙwayar gyaɗa, gama abin da bai kai haka ba aunawarsa ba ta da tabbas. Yakan auna tsawon kowanne, ya haɗa jimla. Wannan jimla ita ce turken da za a riƙa komawa gare shi.

A ce mace tana da ƙari biyu a hanta, ɗaya milimita 50, ɗaya 30, da wani a huhu mai milimita 20. Jimla 100 ke nan. Bayan wata uku aka sake hoto, aka sami 35 da 20 da 13, jimla 68. An ragu da kashi 32 cikin 100. Ƙa'ida ta ce in raguwa ta kai kashi 30, magani yana aiki. Wani zai ce kashi 30 ai ba wani abu ba ne. Amma ku tuna tsawo aka auna, ba nauyi ba. Ku ɗauki kabewa biyu, ɗaya faɗinta ya kasa na ɗayar da kashi 30, ku ɗaga su. Ƙaramar kusan sulusin babbar ce a nauyi. Haka yake ga ƙari, kusan kashi biyu cikin uku na namansa ya tafi.

Mu ci gaba da misalin. Hoto na uku ya ba da 60. Madalla. Hoto na huɗu ya ba da 73. Iyali za su ce ai har yanzu bai kai 100 ɗin farko ba, a ci gaba da maganin. Likita kuwa zai ce a'a. Gama wajen ƙaruwa ba da awon farko ake gwadawa ba, da mafi ƙanƙantar jimlar da aka taɓa samu ake gwadawa. Daga 60 zuwa 73 an ƙaru da milimita 13, ya haura kashi 20 cikin 100. In ƙaruwa ta kai kashi 20, ta kuma kai aƙalla milimita 5, ciwo ya ci gaba ke nan, maganin ya gaji. Haka kuma in sabon ƙari ya fito a inda babu da, ko da tsofaffin suna raguwa, ciwo ya ci gaba. Lokacin canja magani ya yi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani fili mai faɗi. Jimlar ba ta ragu da kashi 30 ba, ba ta kuma ƙaru da kashi 20 ba. Likita zai ce ciwon ya tsaya. Mutane da yawa sukan karai in sun ji haka, su ce an kashe kuɗi a banza. Mu kuwa muna ganin wannan labari ne mai kyau. Ciwon da halinsa girma ne, aka hana shi girma wata shida ko shekara, mai shi tana cin tuwo tana barci, ai maganin ya yi aikinsa. Irin wannan tsayawa an fi ganinta ga masu shan ƙwayoyin da suke hana ciwon samun sinadarin mace, kamar tamoxifen da letrozole. Su a hankali suke aiki. Wadda ta daina shan su don ƙarin bai ɓace ba ta cuci kanta.

Yaushe za a sake hoto?

Tun 2011 masana sukan taru a Lisbon ta ƙasar Fotugal su ba da shawara a kan ciwon dajin nono da ya yi nisa. Shawararsu ita ce a duba bayan zagaye 2 zuwa 4 na kemo, ko kowane wata 2 zuwa 4 ga masu shan ƙwayoyi. Zagayen kemo yawanci mako uku ne. Yin hoto da wuri fiye da haka ɓarnar kuɗi ce, kamar mai tona kunya kowane mako ya ga ko doya ta yi. Jinkiri kuma yana da nasa hasara.

Akwai awon jini da ake kira CA 15-3 wanda yakan hau ya sauka tare da ciwon ga waɗansu mata. Yana taimako, amma ba a canja magani saboda shi kaɗai.

Ƙashi yakan ruɗi mutum

A ƙashi ne ciwon dajin nono ya fi sauka, a nan kuma karanta hoto ya fi wuya. Don hoton ƙashi akan yi allurar wani ruwa mai ɗan haske da ido ba ya gani, a jira awa biyu zuwa huɗu, sa'an nan a ɗauki dukan jiki. Asibitoci kaɗan ne suke da wannan sashe, kamar asibitin koyarwa na Ibadan da babban asibitin ƙasa na Abuja. Abin lura shi ne, ruwan nan ba ciwon yake nunawa ba. Yana taruwa ne a inda ƙashi yake ƙoƙarin gina kansa.

Ku ga abin da yakan faru. Ciwo ya ci rami a ƙashi. Aka ba da magani mai kyau, ciwon ya ja da baya, ƙashi ya tashi haiƙan yana cike ramin. In aka ɗauki hoto cikin watanni uku na farko, wurin zai fi da haske, har ma waɗansu ƙananan wurare da ba a gani ba da su bayyana. Wanda bai sani ba zai ce ciwo ya ƙaru, alhali warkewa ce ake gani, kamar gidan da ake yaɓe, wanda ƙurar magina ta sa ya yi kama da wanda yake rushewa. A siti-sikan ma ramin da yake baƙi yakan koma fari mai tauri in yana cikewa. Wani lokaci zafin ƙashin yakan ɗan ƙaru kwana kaɗan a farkon shan ƙwayoyi kafin ya lafa. Saboda haka likita mai hankali ba ya yanke hukunci da hoton ƙashi ɗaya. Zai duba hanta da huhu, ya tambayi yadda take ji, ya sake hoton bayan waɗansu watanni. In haske ne na warkewa, zai dushe. Iyali su yi haƙuri da shi a wannan wuri, kada su kwashe ta zuwa gida don sun ji an ce hoto ya ƙara baƙi.

In ƙullutun nono ya ɓace

Mu koma ga wadda ciwonta bai bar nono da hammata ba, ana mata kemo kafin tiyata. Ita ma akan auna da tef a kowane zagaye, a yi sikanin a tsakiyar magani da ƙarshensa. In ƙullutun yana girma duk da kemo, ba a jira a gama zagaye shida ko takwas, akan canja magani ko a nemi wata hanya. In kuwa yana narkewa, wani haɗari ne yake tasowa. Mace ta taɓa ba ta ji kome ba, hoto ma wataƙila bai ga kome ba, sai dangi su ce ta warke, me ya sa za a yanke ta? Da yawa daga nan suke ɓacewa, su komo bayan shekara ciwon ya kai ƙashi.

Ƙari ba kullum yake raguwa kamar sabulu daga gefe zuwa tsakiya ba. Wani lokaci yakan farfashe ya bar ƙananan ɓurɓushi a warwatse, waɗanda ko hoton maganaɗisu ba ya gani. Manomi ya san wuta-wuta, in ka ga gona fes ba ya nuna irinta ba ya cikin ƙasa. Abin da yake tabbatarwa shi ne naman da aka cire a tiyata, a duba shi da madubin likita. Ɓacewar ƙullutu alama ce cewa tiyatar za ta yi kyau, ba dalilin fasa ta ba ne.

Abin da yake hannunmu

Hoto na biyu ba shi da amfani in babu na fari da za a gwada shi da shi. Wannan kuwa aikin iyali ne. A adana kowane hoto, da faifan da aka bayar, da takardar sakamako, a cikin leda, nesa da rana da ruwa da gara. A rubuta kwanan wata a bayan ambulan. A tafi da su duka kowane zuwa asibiti, a miƙa tsohon ga mai ɗaukar sabon. In da hali a koma wurin da aka yi na fari, a yi irin hoton da aka yi da. Ba a auna hatsi da mudun wata kasuwa a gwada da tiyar wata. Ƙarin da siti-sikan ya ce 40, sikanin yana iya cewa 33, ba don ya ragu ba.

Mai rakiya ya zama wanda ya iya rubutu, ya tambayi likita a fili: ya ragu, ya tsaya, ko ya ƙaru? Akwai sabon wuri? Za a ci gaba da maganin ko za a canja? A kuma faɗa wa mai ciwon gaskiya, gama jikinta ne. In tana tsammanin tana da ciki, ko tana shan maganin ciwon sukari, ko ruwan hoto ya taɓa sa mata ƙaiƙayi da sarƙewar numfashi, a faɗa kafin ta hau na'ura.

Ƙungiyoyinmu na gama kai da zumuntar mata suna da abin yi. Sau da yawa akan tara kuɗin magani a manta da kuɗin hoto da na mota da na kwana a birni, sai ranar ta zo aljihu babu kome. In ana lissafi tun farko, a sa hoto aƙalla sau uku ko huɗu a shekara a ciki. A 2021 gwamnatin tarayya ta buɗe wani asusu don taimakon marasa ƙarfi masu ciwon dajin nono, da na bakin mahaifa, da na mafitsarar maza, aka fara shi a asibitoci shida, har da na Shika, da na Gombe, da na Abuja. A tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin yadda ake shiga.

Akwai alamun da ba a jira ranar da aka rubuta a kati. Ciwon baya mai tsanani tare da sanyin ƙafafu ko kasa riƙe fitsari yana iya nuna ciwon ya danne laka. Wannan a tafi ran nan, gama jinkirin kwana biyu yana iya sa mace ta kwanta ba tashi. Haka kuma ciwon kai da amai da ba sa bari, farfaɗiya, shanyewar hannu, numfashi sama-sama, ko idanu su yi ɗorawa.

Wata rana kuma likita yana iya cewa ba sai an sake hoto ba. Wannan yakan zo sa'ad da jiki ya raunana har ba zai ɗauki wani kemo ba, don haka kome hoton ya nuna ba zai sake shawara ba. A lokacin, wahalar hanya da kuɗin na'ura ba su da riba. Abin nema daga asibiti shi ne maganin zafi mai ƙarfi irin su mofin, da kayan wanke gyambo, da koyarwa ga mai jinya yadda za ta riƙa juya ta a shimfiɗa kowace awa biyu domin kada baya ya sale.